Da me ake auna fim ɗin ban tsoro? Amsa ga mai son cika Oktoba da kallo

Tambaya: Na lura duk shekara in Oktoba ya kama, mutanen Amurka da Turai sai su duƙufa kallon fina-finan ban tsoro, wasu fim ɗaya kullum har daren Halloween, suna ba kowanne maki. Bana ina so in gwada. Matsalata ita ce na sha kallon fim ɗin da aka zuzuta da maki mai yawa amma ko gezau ban yi ba, wani kuma da aka kushe ya hana ni barci. To da me ake auna fim ɗin ban tsoro, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba laifin idonka ba ne. Makin da kake gani a gaban sunan fim ba awon tsoro ba ne. Abu biyu ake cuɗawa wuri guda: yadda fim ya kaɗa wa mai kallo hantar ciki a daren da ya kalle shi, da yadda aka ƙulla aikin fim ɗin kansa. Na farko rabinsa daga wajen mai kallo yake, wato abin da ya taso yana tsoro, da inda ya zauna ya kalla, da yawan irinsa da ya riga ya gani. Na biyu kuwa yana cikin fim ɗin, ko wane ne ya kalla. In ka raba su ka ba kowanne makinsa, mafi yawan ruɗanin da ke cikin tambayarka zai kau.

A gurguje, dalilin da ya sa Oktoba. Halloween daren 31 ga watan ne, jajiberin ranar da Kiristocin Yamma ke tunawa da waliyyansu a 1 ga Nuwamba. Ya kuma faɗo daidai da wani tsohon bikin mutanen Ailan da Sikotlan mai suna Samhain, na ƙarshen kaka da shigowar sanyi. 'Yan Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tafi da abinsu, a can ya rikiɗe ya koma harkar yara da alewa da kabewar da ake fafewa a sa mata fitila. Kamfanonin fim da gidajen talabijin suka hango kasuwa, suka mayar da watan lokacin baje hajarsu. Hukuncin bikin kansa maganar malamai ce, ni kan fim ka tambaye ni. Abin da ya shafe ka shi ne a watan ne sababbin fina-finan ke yawan fitowa, masu sharhi kuma su taru a kansu.

Fara da sanin abin da kowace lamba take nufi, don yawancin mutane ba su sani ba. Kason da Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tara sharhin fina-finai, ke nunawa ba makin fim ba ne. Ƙidayar masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi ce, ko da cewa suka yi "ba laifi". Fim ɗin da masu sharhi 100 suka kalla kowa ya ce da dama-dama zai samu kashi 100, wanda kuma 60 suka haukace a kansa 40 suka tsane shi zai samu kashi 60. A harkar ban tsoro, sau da yawa na biyun ne ya cancanci darenka, don fim ɗin da ya raba kan mutane ya taɓa wani abu. Na shafin IMDb kuwa makin jama'a ne daga 1 zuwa 10, kuma fina-finan ban tsoro a can kullum a ƙasa suke in ka gwada su da na tarihi ko na soyayya. Ƙalilan ne ke haura 8. Ni dai in na ga fim ɗin ban tsoro da 6.5 a can, ba na raina shi, alhali da fim ɗin tarihi ne mai wannan makin da sai na yi tunani sau biyu.

Akwai kuma CinemaScore, masu tare 'yan kallo a sinimomin Amurka daren farko na fitowar fim, su ba da daraja daga A+ zuwa F. Hereditary na 2018 masu sharhi kusan kashi 90 cikin 100 suka yaba masa, 'yan kallo suka ba shi D+. The Witch ma haka, yabon masu sharhi ya yi sama, 'yan kallo suka ce C-. Me ya jawo? Tallan fim ɗin ya yi wa mutane alkawarin ihu da tsalle, suka shiga suka tarar da abu mai tafiya a hankali, mai nauyi a zuciya, mai mugun ƙarshe. Mutum ya fito ransa a jagule, sai ya huce a kan takardar maki, alhali jagula masa rai ɗin shi ne aikin da fim ɗin ya zo yi. Ga kuma jarumtar baki, musamman wajenmu maza: wanda ya ƙanƙame kujera shi ne zai fito ya ce "wannan ai wasan yara ne", ya danna tauraro ɗaya.

To me ake aunawa? Abin da muke dunƙulewa mu kira tsoro kala uku ne a fim, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Mafi arha ita ce razana ta ba-zata. A yi shiru, a yi shiru, kwatsam fuska ta faɗo allo da ƙara mai tsinka kunne. Jikinka zai zabura ko ka so ko ka ƙi, don ba tunani ne ke amsawa ba, jijiya ce, kamar yadda za ka zabura in an buga ƙofa da ƙarfi a bayanka. Dabarar tsohuwa ce. A Cat People na 1942 wata mata tana tafiya da dare ita kaɗai, tana jin takun wani a bayanta, takun ya ɗauke, sai ƙarar birkin bas ta tsage shirun. Babu dodo, bas ce kawai. Har yau masu sana'ar suna kiran wannan salon da sunan furodusan fim ɗin, Val Lewton. Amma lura da abin da ya sa ta yi aiki: mintunan da aka ɗauka ana ja maka rai kafin ƙarar. Fim ɗin da ke jefo maka razana duk bayan minti biyar ba tare da ya gina komai ba, bai tsorata ka ba, ya dai dame ka. Shi ya sa nake taka-tsantsan da jerin nan da wani kamfani a Birtaniya ke fitarwa, inda ake ɗaura wa masu kallo na'urar auna bugun zuciya, wanda a 2020 ya ce Sinister ne ya fi kowane fim ban tsoro. Fim ɗin ba laifi, amma na'urar zabura take ƙirgawa. Ba ta san wanda ya kasa kashe fitila bayan kwana uku ba.

Wadda ta fi tsada ita ce fargaba, zaman da kake yi gabanka na faɗuwa alhali ba abin da ya faru tukuna. Nan ne ƙwarewa take, kuma nan ya kamata makinka ya fi nauyi. Ɗauki Halloween na John Carpenter, 1978, wanda shi ya fi kowane fim ɗaure wannan dare da sinima. Kuɗin da aka kashe bai wuce dala dubu 300 da 'yan kai ba. A Kalifoniya aka ɗauke shi da bazara, aka riƙa watsa ganyen da aka shafa wa fenti don ya yi kama da kaka. Abin rufe fuskar makashin ma mai siffar fuskar wani jarumin talabijin ne aka saya a shago aka fesa masa farin fenti. Jinin da ke cikin fim ɗin kaɗan ne ƙwarai. Abin da Carpenter ya yi shi ne ya ajiye mutumin a gefen hoto, can bayan shinge ko tsakanin kayan shanya, yana tsaye kawai, kai ka gan shi, yarinyar da ake bi ba ta gani ba. Daga nan idonka ba zai sake hutawa ba, kowane lungu na allon sai ka leƙa. Carpenter da kansa ya ba da labarin cewa ya nuna wa wata jami'ar kamfanin fim aikin kafin a sa kiɗa, ba ta ji tsoron komai ba. Ya je ya tsara ɗan kiɗan fiyanon nan da hannunsa, fim ɗin ya zama wani abu dabam. Haka kisan banɗaki a Psycho na 1960: an kafa kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52, jinin ruwan cakulan ne, kuma da ƙyar za ka ce ga inda wuƙa ta shiga jiki. Ƙarar kiɗan goge da aka ɗora wa wurin da saurin yankan hoton ne suka sa mutane suka rantse sun ga abin da ba a nuna ba. Saboda haka in kana son gwada fim, ɗauki wurin da ya fi tayar maka da tsigar jiki ka tambayi kanka: me aka nuna min, me kuma ni na ƙarasa da kaina? Gwargwadon yawan abin da ka ƙarasa, gwargwadon gwanintar daraktan.

Ta uku ƙyama ce: jini, hanji, tsutsa, yankan gaɓoɓi. Tana da masoyanta, kuma masu haɗa irin waɗannan abubuwan da roba da fenti gwanaye ne na gaske. Amma kawar da kai daga allo ba tsoro ba ne, tashin zuciya ne. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ya yi suna a matsayin fim ɗin da jini ke malala, alhali in ka zauna ka kalla, yawancin ta'asar a bayan ƙofa ko wajen hoto take faruwa. Zafin rana da ihu da ƙarar inji ne suke sa ka ji kamar kana shaƙar warin gidan. Waɗanda suka kwaikwaye shi daga baya sun ninka jinin, ba su kai rabinsa ba.

Yanzu ga amsar ɓangaren tambayarka da ya fi muhimmanci, wato fim ɗin da aka kushe amma ya hana ka barci. Ba ka faɗi sunansa ba, amma zan iya cewa da wuya in ba na aljanu ba ne. Tsoro yana bin abin da mutum ya yarda da shi. Bahaushe zai kalli mashayin jinin da ke gudun tafarnuwa da gicciye ya yi dariya, don ba shi da gurbi a ransa. Amma sa masa Dabbe na Turkiyya, wanda Hasan Karacadağ ya fara a 2006, ko Siccin na 2014, ko Pengabdi Setan na Indonesiya na 2017. Ga sihirin da aka binne, ga mai ruƙiyya, ga mace tana magana da muryar da ba tata ba, ga gida irin wanda ake salla a cikinsa. Wannan ba tatsuniyar Dodo ba ce a wajensa, labari ne irin wanda ya taɓa ji an ce ya faru a unguwarsu. Mai sharhi a Landan zai ga hayaniya da girgiza kyamara ya ba da taurari biyu, kai kuma ka kwana da fitila a kunne. Ku duka ba wanda ya yi ƙarya. Shi aikin ya auna, kai tsoron ka auna. Kuma gaskiyar magana, da yawa daga cikin na Turkiyyan nan aikinsu yana da rauni: sun yi tsawo, ihu ya yi yawa, dabara ɗaya ake ta maimaitawa. Ina ba su maki mai yawa a tsoro, matsakaici a aiki, ba na jin na ci amanar kowa. Sai dai ka sani suna sa ayoyin Alƙur'ani a tsakiyar abubuwan firgici, wasu masu kallo ba sa jin daɗin hakan, kuma suna da hujjarsu.

Hakan ma yana faruwa ta ɗaya gefen. The Exorcist na 1973 ya girgiza Amurka, aka sa shi takarar Oscar a rukuni 10, ya ci 2. Saurayin da ya kalle shi yau bayan ya ga jikokinsa ɗari zai iya cewa bai ga abin zuzutawa ba. Makin tsoronsa na iya zama ƙasa, ba komai. Amma in ya ba shi ƙaramin maki a aiki, to bai kalli yadda aka kwashe dogon lokaci a fim ɗin ana yawo da yarinyar da aljani ya shiga wajen likitoci ba, har sai da uwar da mai kallo duka suka ƙare dabara. Akwai kuma waɗanda ke cin maki a duka ɓangarorin. Under the Shadow na 2016 ya sa aljani a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, har ka rasa wanne ya fi, makami mai linzami ko abin da ke cikin iska. His House na 2020 kuma labarin miji da mata ne da suka tsero daga Sudan ta Kudu aka ba su gida a Ingila, abin da suka aikata a hanya ya biyo su. Jarumar, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta.

In ka zo makin aiki, ga abubuwan da nake dubawa, ba wai a jere ba. Shin abin tsoron yana da ƙa'ida? In an nuna cewa ba ya shiga inda haske yake, sannan a ƙarshe ya shiga don kawai marubuci ya maƙale, an yaudare ka, ka rage maki. Shin mutanen ciki mutane ne ko raguna aka jera don yanka? Kowa yana tsaki in jaruma ta ji motsi a ɗakin ƙasa ta tafi dubawa ita kaɗai. Amma a yi adalci, ita ba ta san tana cikin fim ɗin ban tsoro ba, kai ma in ka ji motsi a kicin tashi kake yi ka duba. Wautar da ake hukuntawa ita ce wadda mai hankali ba zai yi ba ko a ruɗe yake. Sai babbar jarrabawa, minti 20 na ƙarshe. Yawancin fina-finan nan a nan suke faɗuwa, don dole a nuna dodon ko a yi bayaninsa, kuma duk abin da aka nuna bai kai wanda ka ƙera a ranka ba. A Jaws na 1975 kifin inji da aka ƙera a matsayin dodon fim ɗin ne ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole aka ɓoye shi har fim ya yi nisa, matsalar ta zama alheri. Kada kuma kuɗi ya ruɗe ka. Paranormal Activity an ɗauke shi da kimanin dala dubu 15 a gidan daraktan, ya tara sama da dala miliyan 190, da ƙofa mai motsi da bargon da ake ja. A ƙarshe, auna fim da abin da ya nufa. Wanda ya zo don ya ba ka dariya da ɗan firgici, kada ka kama shi da laifin bai hana ka barci ba.

Kar ka yi saurin yanke hukunci, don ƙwararru ma sun sha kunya a nan. The Thing ya fito ranar 25 ga Yuni 1982, mako biyu bayan E.T., lokacin da jama'a ke shauƙin baƙon sama mai kirki. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, suka ce ƙazanta ce zalla, kasuwarsa ma ba ta yi armashi ba. Yau da wuya ka ga jerin manyan fina-finan ban tsoro babu shi. The Shining na 1980 har takarar kyautar Razzie, wadda ake ba mafi munin aiki, aka sa daraktansa Stanley Kubrick. Fim ɗin ban tsoro mai kyau yakan ɓata maka rai kafin ya burge ka, kuma a daren farko ɓacin ran ne ke riƙe da alƙalami.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Da fim ya ƙare, kafin ka buɗe sharhin kowa, rubuta makin tsoro daga 0 zuwa 5, da gaskiya, ba mai ganinka. Rubuta layi ɗaya kan wurin da ya fi kama ka, da layi ɗaya kan yadda ka kalla: kai kaɗai ko cikin abokai, dare ko rana, waya ko talabijin. Makin aiki kuwa ka bar shi sai bayan kwana biyu ko uku. In lokacin ya yi ka kasa tuna komai sai ƙara, ka san inda za ka ajiye shi. In kuwa ka samu kanka kana waiwayen lungun ɗaki, ko kana ta juya ƙarshen labarin a ranka a kan hanyar kasuwa, ya ci makinsa ko da ranar ka fita kana tsaki. In za ka sa a Letterboxd, shafin da masu kallo ke ba fina-finai maki daga rabin tauraro zuwa biyar, sa makin aiki a taurarin, na tsoro kuma ka rubuta shi a cikin sharhin.

Layin nan na yadda ka kalla ba ado ba ne. Yawancinmu a waya muke kallo, da ƙaramin fayil don tsimin data. Matse fim yana fara cinye wuraren duhu ne, baƙin ya koma dabbare-dabbare, kuma a cikin duhun nan darakta ya ɓoye abin da yake so ka hango da wutsiyar ido. Lasifikar waya kuma ba ta fitar da sautin ƙasa mai gurnani, wanda shi ke sa ƙirji ya yi nauyi. Ko ba komai sa abin ji a kunne, ka kashe fitila, ka kife ɗaya wayar. Fassarar Hausa da ake ɗorawa a kan murya tana da daɗi a fim ɗin faɗa na Indiya, amma a nan tana danne sautin asali, ta cike shirun da aka bari da gangan, wani lokaci ma mai fassara ya jefa barkwanci daidai inda ya kamata numfashinka ya tsaya. Wanda ya kalli fim a haka da rana tsaka yana tura shi gaba, ya ce bai ji komai ba, ba fim ɗin ya ba maki ba.

Wani maki kuma dabam shi ne na shekaru, kada ka haɗa su. A Amurka ana sa PG (yara su kalla da kulawar iyaye), PG-13 (a kula da 'yan ƙasa da shekara 13), R (ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba) da sauransu, a Najeriya kuma hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana da nata kamar 12 da 15 da 18. Waɗannan sun fi kula da jini da tsiraici da ashar, ba nauyin firgici ba. Poltergeist na 1982 PG aka ba shi, alhali akwai wurin da mutum ke yage naman fuskarsa a gaban madubi. Sai a 1984 aka ƙirƙiro PG-13. The Ring na 2002 a wannan rukunin yake, kuma ya fi fina-finan R da yawa hana barci. Fina-finan makasa na shekarun 1980 kuwa da yawansu akwai tsiraici a ciki, don haka leƙa shafin jagorar iyaye na IMDb kafin ka kunna, yana zayyana komai dalla-dalla. Yara dai a raba su da wannan harka gaba ɗaya, mai farfaɗiya kuma ya kiyayi masu walƙiyar haske.

Saura tsarin watan. Fim 31 a jere yana da illa ɗaya da ba a cika faɗa ba: kamar yaji ne, in ka yi ta ci harshe yakan mutu, sai ka zargi mai miya. Zuwa mako na biyu ka haddace duk dabarun, ka san in aka buɗe madubin banɗaki za a rufe shi da fuska a ciki, sai ka fara zaluntar fina-finan ƙarshen wata. Masu bincike na jami'ar Aarhus a Denmak sun auna mutum 110 a wani gidan firgitarwa, suka wallafa a 2020 cewa daɗin yana kaiwa ƙololuwa ne a tsoro matsakaici, in ya yi kaɗan gundura, in ya yi yawa wahala. Kana buƙatar ka tsare kanka a wannan tsakiyar. Shi ya sa tsarin Hooptober, wanda masu amfani da Letterboxd ke yi tun 2014, yake burge ni: ana gindaya sharaɗin ka kalli na ƙasashe dabam-dabam da zamani dabam-dabam, kuma tun tsakiyar Satumba ake farawa don a samu sarari. Kai ma ba dole sai 31 ba, ba wanda zai karɓi rasit. Fim 12 zuwa 15 da ka kalla da natsuwa sun ishe ka bana. Kada ka jera iri ɗaya biyu: in yau na aljanu ne, gobe tsohon baƙi-da-fari, jibi na Japan kamar Ringu na 1998, sannan mai ban dariya don ka huta. Masu nauyi a zuciya irin Hereditary ka ba su daren da washegari ba ka da aikin sassafe.

Fara da tsofaffi tun idonka bai ƙoshi ba. Nosferatu na 1922 da Night of the Living Dead na 1968 duka ana samunsu kyauta ta halal a intanet, na biyun saboda masu rarraba shi sun manta sa alamar haƙƙin mallaka lokacin da aka canza masa suna. Na Turkiyya da Indonesiya ka kai su mako na uku, lokacin da dabarun Amurka suka daina cin ka. Na Carpenter kuma ka ajiye shi sai daren 31, kuma a talabijin in da hali, don a ƙaramin allon waya da wuya ka hango mutumin da ke tsaye a gefen hoton.